Gyaran da Ya Tafi Landan

Ranar Talatar da ta wuce wasu samari biyu suka sauka daga adaidaita sahu a bakin rumfata da ke kasuwar Tarauni. Ɗaya yana ɗaukar hoton kifi da waya, ɗayan yana yi mini bayanin yadda za su riƙa tura banda ƙasashen waje. Sun gina kwamin siminti a Darmanawa sun zuba tarwaɗa, yanzu saura a koya musu banda, wai a cikin sati biyu. Na ce su zauna. Na miƙa wa mai wayar kifi biyu, na ce ya gaya mini wanne ya bushe. Ya jujjuya su, ya shinshina, ya ce ai duka sun bushe. Ɗaya daga ciki kuwa, da za a rufe shi a kwali kwana biyar, ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta taɓa shi. Ban yi musu dariya ba, don ni ma an taɓa miƙo mini kifi biyu haka. Su da ire-irensu nake ba wa wannan labari.

Ni ban gaji kifi ba. Garinmu a ƙasar Rano yake, inda ba kifin da muka sani sai wanda ake soyawa ranar kasuwa. Cin rani ya kawo ni Kano, ina tura kurar ruwa a Gyadi-Gyadi. Gidan da ya fi kowanne shan ruwa a layin shi ne wani fili mai katangar langa-langa, inda hayaƙi ba ya yankewa. Mai wurin shi ne Baba Tanko, Bakabe, wanda ya baro bakin gulbinsu tun shekarun fari ya zo Kano da wuƙa ɗaya da sana'ar mahaifinsa. Gajere ne, idanunsa kullum jajaye saboda hayaƙi, kuma ba ya son dogon zance. Hausarsa ta zama ta Kano sarai, sai fa idan ransa ya motsa, da daɗi ko da ɓaci, nan take harshen ya koma gida, kifi ya zama kihi. Wata rana na gama juye jarkoki ya ce, "Kai mai ruwa, kana ƙyamar ƙarni?" Na ce a'a. Ya ce, "To jingine kurar nan." Iyakar takardar ɗaukata aiki ke nan.

Shekarata ta farko ban taɓa wuta ba. Aikina yauƙi. Ana sauke tarwaɗa daga Tiga ko daga Haɗeja da sanyin safiya, in tsuguna a bakin baho da toka da gishiri, ina murza su ɗaya bayan ɗaya har fatar ta daina zamewa a hannu. Daga nan a farke ciki, a cire hanji da matsarmama ba tare da ta fashe ba, don idan ta fashe ɗacinta ya shiga naman ke nan har abada. Sai a naɗe kifin, wutsiya ta zo baki, a soke da tsinke ya zama kamar gammo. Ƙayar tarwaɗa ta sha jinina ba sau ɗaya ba. Idan ta soke ni Baba Tanko ba ya cewa sannu, sai ya ce, "Gaisuwa ce, ta san ka yanzu."

Wuta ita ce karatun shekara ta biyu. Gangunanmu shida ne, irin na mai, an fasa gindinsu an yi ƙofar itace, an jera raga hawa uku a ciki. Itace kuwa ba kowanne ba. Ƙirya da marke su ne namu, garwashinsu yana daɗewa, hayaƙinsu yana ba kifi launin da mai saye ke hange tun daga bakin layi. Na taɓa cusa reshen darbejiya don itace ya yi tsada. Baba Tanko bai gan ni ba, amma ya gutsuri kifin ya tofar, ya sa na cinye guda biyu a gabansa ba ruwa. Ranar farko wuta ce mai ƙarfi, ta dafa kifin ta fitar da mai. Daga nan sai a ja da baya, garwashi da ɗan hayaƙi, ana juyawa ana sauya hawa, na ƙasa ya koma sama, kwana biyu ko uku gwargwadon girman kifi da sanyin gari. Mai gaggawa zai sami kifi baƙi ƙirin a waje, cikinsa kuwa ɗanye.

Yadda ake gane ya bushe, nan ne sana'ar take. Ido yana ruɗi, hanci ma haka. Baba Tanko da kunne yake aiki. Zai ɗauki kifi biyu, ɗaya a kowane hannu, ya kawo su kusa da kunnensa na dama ya ƙwanƙwasa su. Wanda ya bushe har ƙashi yana cewa ƙas, a sarari, kamar an haɗa ludayin duma biyu. Wanda ya ɓoye ruwa a ciki sai ka ji ƙarar ta nutse. Kifi ba ya barin filin nan sai ya bi ta kunnensa. Masu sari sun san haka, har tsayawa suke su yi shiru idan ya ɗaga hannu. Na yi shekara huɗu kafin kunnena ya fara rarrabewa, kuma ko a lokacin idan na ce ya yi, sai ya karɓa ya sake saurarawa.

Saboda kunnen nan ne kwalbar fiya-fiya ba ta taɓa shiga filinmu ba. Kun san ta, maganin ƙwarin nan da wasu ke yayyafa wa banda don kada ƙwaro ya huda ta. Baba Tanko yana cewa wanda ya yayyafa wa kifi guba ya shaida wa kansa cewa bai iya busarwa ba. Idan mai talla ya shigo layin da ita, sai ya ce masa, "Wuce gaba, mu nan da wuta muke kashe ƙwaro."

Abu na biyu da ba ya wasa da shi shi ne gyara. Ko kifi ɗaya ka saya, sai ya ɗora maka wani abu a kai, kai ne ko wutsiya ko ɗan kurungu. Idan kwando ka saya, gyaranka manya biyu. Shi yake ɗaure kaya da hannunsa a ƙarshe, kuma a lokacin yake sa gyaran, ba ya bari ka gani sai ka kwance a gida. Ya ce ciniki na kasuwa ne, gyara kuwa na mutunci, wanda ya buɗe kaya ya tarar da shi ya san an tuna da shi bayan an karɓi kuɗinsa.

Masu sayenmu a wancan lokaci kashi-kashi ne. Akwai Mama Ngozi daga Sabon Gari, mai lodin kwanduna zuwa Onica duk sati biyu, wadda za ta yi awa guda tana taya kwando tana rantsuwa cewa mun kashe ta. Akwai mutanen Maraɗi da Damagaram masu zuwa da sefa a ƙulle cikin rawani. Lokacin aikin hajji akwai mata masu cusa banda cikin jakunkuna su kai wa 'yan uwa mazauna can. Sannan ga asibitin koyarwa a maƙwabtanmu, ma'aikata da ɗalibai da masu jinya da ke neman abin yi wa mara lafiya romo. A cikinsu akwai Sista Rabi, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Unguwar Gano. Idan ta tashi aiki takan biyo ta sayi nata, ta kuma saya wa majinyatan da ba su da kowa. Baba Tanko yana kiranta 'yata, gyaranta kuma yakan fi abin da ta saya.

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, wannan da muke ciki har yau, gari ya cika da zancen buɗewar ƙofofi. Kowa ka gani a teburin mai shayi yana da wani a waje da zai yi harka da shi. Mu namu ya zo ta hannun Sista Rabi. Yayanta, Alhaji Bashir, yana da kanti a Landan inda mutanenmu ke sayen garin tuwo da kuka da manja. Ta aika masa da bandarmu a jakar wani matafiyi, bai kwana biyu ba ta ƙare. Ta sake aikawa, haka. Sai ya aiko da saƙo cewa yana son kwali arba'in a jirgin kaya, da takardu, kuma idan ya yi kyau duk wata biyu za a riƙa yi.

Ni na zuga Baba Tanko, gara in faɗa da bakina. A lokacin na zama babban yaronsa, ni ke riƙe da rumfar Tarauni, shi yana fili. Na ce masa mutumin nan da fam zai biya, naira kuwa kullum sauka take, fam ɗin da aka ba ka yau gobe ya yi ƙiba a aljihunka. Na ce mun gaji da rantsuwar Mama Ngozi. Ya ce, "Su kuma mutanenmu fa, wa zai ba su?" Na ce wata biyu ne kawai, su yi haƙuri. Ya daɗe yana tona garwashi, sannan ya ce to.

Aikin kwali arba'in ɗin nan ban taɓa yin irinsa ba. Kifin Tiga bai isa ba, sai da na je har Baga na yi sati. Fetur ya tashi a tsakanin, kuɗin mota ya bi shi, ga shinge a hanya kowanne da hannu a miƙe. Kuɗin jirgi kuwa da dala ake yankawa, wato faɗuwar nairar da nake murna da ita ta biyo ta ƙofar baya ta cije mu. Gangunan shida ba su huta ba. Mama Ngozi ta zo sau biyu ta koma da kwandunanta wayam, na biyun ba ta ko yi rantsuwa ba, ta dube ni kawai ta hau acaɓa. Mutanen Maraɗi suka koma wajen wani mai banda a kasuwar Galadima. Masu romo na ce su leƙa gaba. Wani ejan mai shirya takardun fitar da kaya, wanda Alhaji Bashir ya haɗa mu da shi, ya kawo ma'aikacin duba kaya, ya zagaya tabarmin da muka baje kifi, ya fasa uku ya duba ciki, ya buga hatimi. A takarda aka rubuta abin da ke cikin kowane kwali: busasshiyar tarwaɗa, nauyi kaza. Kowane kifi a cikin kwalayen nan ya bi ta kunnen Baba Tanko.

Ranar ɗauri da hantsi na neme shi na rasa. Can sai ga shi a bayan acaɓa rungume da buhu. Agadasawa ya je, wajen masu kilishi, ya sayo da kuɗin aljihunsa, an yanka masa ƙunshi arba'in a takardar siminti. Ya ce, "Mutanen nan teku ce ta kewaye su, in ƙara musu kifi a kan kifi ba gyara ba ne. Abin da suke kewa shi ne gida." Ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga kifin sama yana kwantar da ƙunshi a tsakiya, yana murmushi shi kaɗai. Ina tsaye ina kallo. Kada ku ce ban gani ba, na gani, har na ce Allah ya saka da alheri, Baba. A raina ina cewa yau Landan za ta san da wa take ciniki.

Bayan sati uku Sista Rabi ta zo rumfar Tarauni da rana tsaka, ko kayan aiki ba ta cire ba. A hannunta akwai takarda mai santsi irin wadda ake turowa ta waya a shagon buga tarho. Ta zauna a kan benci ta karanta mini tana mayarwa da Hausa. Masu duba kaya a can sun buɗe kwali sun ga nama, takarda kuwa ta ce kifi. A dokarsu nama ba ya shiga ƙasar ta wannan hanya, kuma kayan da ya saɓa wa takardarsa ba a tsince shi. Sun ƙone duka arba'in. A ƙasa Alhaji Bashir ya ƙara da hannunsa cewa kifin kansa ba su sami abin cewa a kai ba.

Da ƙafa na tafi Gyadi-Gyadi ranar, don in sami lokacin shirya magana. Jarinmu ya tafi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Abin da na kasa shi ne in dubi tsohon nan in ce masa alherinsa ne ya cinye mu. Ina ta ganin fuskarsa lokacin da yake kwantar da ƙunshin nan. Na tarar da shi bayan la'asar yana kankare raga. Na ce, "Baba, kaya sun salwanta. Sun ƙone su."

Ya ajiye ragar. "Dalili?"

Na ce, "Ƙwaro suka ce sun gani. Ka san kayan sun daɗe a filin jirgin Legas, ga damina."

A lissafina na ɗora laifin a kan Legas da ruwan sama, ba mai jin ciwo. Ya yi salati, ya ce Allah ya mayar da alheri. Sannan ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Sati uku. Kifin da ya bushe ƙwaro ba ya cinsa a sati uku, ko a cikin gulbi aka ajiye kwalin." Ya ɗauki ragarsa ya ci gaba da kankara.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Ganguna shida suka koma biyu, sauran muka kife su a gindin katanga. Masu sayen da na kora sun sami wasu wurare. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya sami Baba Tanko. Kifin da ya isa sauka a kwana uku sai ya bar shi biyar, har ya ƙone ya riƙa marmashewa a hannu. Masu romo suka fara cewa bandar Baba ta koma gawayi. Na lura ya daina ɗaga kifi zuwa kunnensa. Wata safiya ya miƙo mini guda biyu ya ce, "Sale, saurara mini waɗannan." Shekarata goma sha ɗaya a wurin, bai taɓa neman kunnen wani ba. Na ƙwanƙwasa na ce sun yi. Ya ce, "Ka tabbata?" ya mayar da su wuta. Ya rame, ya rage cin abinci, idan an yi ciniki ma ni yake bar wa ɗauri.

Sista Rabi ce ta tare ni a bakin titi wata rana. Ta ce, "Malam Sale, me ka gaya wa Baba?" Na faɗa mata, har ina jin na yi dabara. Ta ce, "Mu a wurin aikinmu, idan aka rubuta wa mutum cutar da ba tasa ba, maganin da zai sha ma ba nasa ba ne. Ka je ka gyara maganarka." Na ce to. Na yi sati biyu ina cewa gobe.

Ranar wata Alhamis da hantsi na shigo fili da buhun gishiri a kafaɗa. Baba Tanko yana tsugune a gaban kwando ɗaya da muka sauke jiya, wanda za a kai rumfa don masu romo. A gefensa akwai roba da ruwa, da 'yar tsintsiya sabuwa, da ƙaramar kwalba a cikin baƙar leda. Tun kafin in ƙaraso warin ya gaya mini ko mece ce. Yana ƙoƙarin buɗe murfin. Da ya gan ni bai ɓoye ba. Ya ce, "Kaɗan zan sa. Kunnen ya tsufa, Sale. Gara wannan da a sake cewa an ga ƙwaro a kayana."

Na yar da buhun na riƙe hannunsa da kwalbar gaba ɗaya. Na ce, "Baba, ba ƙwaro ba ne. Ƙarya na yi maka."

Ya ɗago.

Na ce, "Kilishin ne. Dokarsu ta hana nama, takardarmu kuma kifi ta ce. Kifin kuwa sun duba ba su sami komai ba, Alhaji Bashir ya rubuta da hannunsa. Takardar tana wajen Sista Rabi."

"Mi kac ce?"

Na sake faɗa, tun daga farko. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya, don na san na cancanci a mare ni.

Ya ce, "Kihina ya bushe ke nan?"

Na ce, "Ya bushe, Baba. Duka arba'in."

Ya saki kwalbar a hannuna ya zauna daɓas a ƙasa. Sai ya fara dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, yana yi yana goge ido da gefen riga. Ya ce, "Kilishin fa, ko ɗanɗanawa sun yi?" Na ce sun haɗa sun ƙone. Ya ce, "Kai, sun yi asara. Na Agadasawa ne fa." Da dariyar ta lafa ya dube ni sosai. Ya ce, "Sale, da ka ce mini wauta na yi, da na ci tuwona na ƙoshi a ranar. Wa bai taɓa wauta ba? Amma ka bar ni wata huɗu ina zaton hannun ubana ya mutu a hannuna." Kunya ta rufe ni, kuma har yau idan na tuna sai na ji ta. Na haƙa rami a bayan gangunan da muka kife na binne kwalbar.

Washegari Baba Tanko ya ɗaure ƙunshi huɗu na kifi ya ce in bi mutanen da na kora, gida-gida, ba da sunan ciniki ba. Mama Ngozi na samu a rumfarta a Sabon Gari. Ta ce, "A'a, Oga Landan! Turawa sun koro ka?" Na ce sun koro ni, Mama. Ta kwance ƙunshin ta fasa kifi ɗaya ta duba, ta ce ya ƙone. Na ce na gaba ba zai ƙone ba. Ta ce za ta yi tunani, amma na ga ta tura ƙunshin ƙarƙashin teburi inda take ajiye na gidanta. Mutanen Maraɗi sai da na je masaukinsu sau uku.

Tun daga shekarar muka kafa ƙa'idar da nake bi har yau: mai saye ɗaya, ko da zinariya zai biya, ba ya cin fiye da ganga biyu cikin shida. Na ga amfaninta sau da yawa. Idan naira ta faɗi, masu sefa suna cika rumfa. Idan aka rufe iyaka, Onica ce ke riƙe mu. Idan hanyar kudu ta lalace ko fetur ya yi wuya, masu romo suna nan, don ba a fasa rashin lafiya. Landan ma ta dawo bayan shekara biyu, Alhaji Bashir mutumin kirki ne. Baba Tanko ya ce shi fa kaya ba ya fita ba gyara, sai aka shirya a kan kifi ɗaya a kowane kwali, kuma a rubuta shi a takarda. Ejan ya tambaya me zai kira shi da Turanci. Baba ya ce ya rubuta gyara, su ma su koyi kalma ɗaya. Ni dai ban iya karatun boko ba, amma ejan ya rantse mini haka ya rubuta.

Duk wannan daga baya ne. A satin da na gaya masa gaskiya, abu ɗaya nake jira ban gani ba. Ya koma sauke kifi a kwana uku, ya koma cin abinci, amma hannunsa bai koma kunne ba. Ni nake ƙwanƙwasawa, shi yana kallo daga nesa. Na fara tsoron cewa abin da na ɓata ba ya gyaruwa da magana.

Sati na uku Mama Ngozi ta shigo fili da kwando ɗaya tak, ta ce gwaji za ta yi. Na riga na tantance kifin tun da safe, na ware mata masu kyau a tabarma. Na durƙusa zan fara jerawa sai ta ce, "Tsaya. Ni ba kunnenka nake saye ba." Ta juya wajen Baba Tanko ta naɗe hannu ta yi shiru, kamar yadda ta saba shekara da shekaru.

Ya daɗe a zaune. Sannan ya tashi ya zo bakin tabarmar, ya goge tafin hannunsa a riga, ya ɗauki biyu ya kai kunnen dama. Ƙas. Ya sa a kwando. Ya ɗauki wasu. Ƙas. Haka ya yi ta yi, ba mai magana a filin sai garwashi. Wajen na goma sha wani abu ya tsaya, ya sake ƙwanƙwasawa, ya karkata kai. Ya jefo mini ɗaya a cinya.

"Wa ya ce wannan ya yi?"

Na ce ni ne. Na kai shi kunnena na buga da wani. Ƙarar ta nutse, kaɗan ƙwarai, can wajen kai.

Ya ce, "Mai da shi wuta, mai ruwa. Kuma ka kauce, kihin mutane zan ɗaure."

Ya juya mana baya ya rufe kwandon da jikinsa, don kada Mama Ngozi ta ga abin da zai sa mata a ciki.